Daga Tandu Zuwa Kwalba: Tarihin Kwalliyar Mai Ciki a Ƙasar Kazaure

A wannan makon za mu buɗe wani kwando da masu rubuta tarihi ba su cika leƙawa ba, wato kwandon kayan kwalliyar mace mai ciki. Tarihin da aka fi rubutawa na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da ganuwa. Amma abin da mace take shafawa a jikinta cikin wata tara shi ma tarihi ne, domin yana nuna mana hanyoyin fatauci, da ƙarfin aljihun mutane, da abin da suke ɗauka shi ne kyau. Sannan mai ciki ba ita kaɗai take shafawa ba. Akwai wani a cikinta da ba a yi shawara da shi ba, kuma wani abin da ta shafa yana isa gare shi.

Za mu tsaya a arewa maso yammacin Jigawa, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Tambayarmu ita ce: cikin shekara 200 da suka wuce, me talaka mai ciki take shafawa, daga ina yake zuwa, wanne ya amfane ta, wanne ya cuce ta? Za mu ga cewa a tsohon kwando akwai mai guba, a sabon kanti ma akwai lafiyayye. Abin da ya raba mai amfani da mai cutarwa a kowane zamani shi ne ko an san abin da ke cikinsa.

ƘASAR DA MUKE MAGANA A KAI

Masarautar Kazaure ta samo asali ne wajen 1819, lokacin da Ɗan Tunku, Bafulatanin da ke zaune a yankin Dambatta, ya ƙi bin sabon Sarkin Kano Ibrahim Dabo. An ɗauki shekaru ana gwabzawa kafin Sakkwato ta amince masa da ƙasarsa. Ɗansa Dambo ne ya mayar da hedikwata garin Kazaure. A yau masarautar ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura kuwa ta daɗe a ƙarƙashin Kano, sai bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ta koma masarautar Ringim. Duk da haka kasuwa ɗaya suke ci, iska ɗaya take kaɗa su.

Abubuwa biyu ne suka tsara kwalliyar wannan yanki. Na farko yanayi. Damina gajera ce, hunturu da bazara su ne suka fi tsawo, saboda haka babban abokin gabar fata a nan shi ne bushewa: kaushi, faso, tsagewar leɓe. Na biyu hanya. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, hanyar da take zarcewa Damagaram. Duk abin da ya shiga kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ba ya daɗewa sai ya ɓullo a buhun ɗan koli a kasuwannin ƙauyen wannan ƙasa, daga nan dillaliya ta shiga da shi gidajen matan kulle.

Muna da shaidar gani da ido daga wancan lokacin. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shiga Kano a Janairun 1824, ya tarar da Sarki Dabo yana sansani saboda yaƙin Ɗan Tunku. A cikin abin da ya rubuta ya ambaci dutsen kwalli a jerin kayan kasuwa, ya ce mata suna rina gashi da gira da shuni, maza da mata kuma suna rina haƙora da leɓe da furen taba. Ke nan a daidai shekarun da ake kafa Kazaure, kwalliya ta riga ta zama babbar haja.

KWANDON KAKA

Mu dubi abin da ke cikin kwandon matar ƙauye a wancan zamani. Akwai man shanu, wanda ba ya wuya a ƙasar da Fulani suke da yawa. Da shi ake kitso, da shi ake shafe jiki da hunturu. Akwai man kaɗe, wanda aka fi kawowa daga kudu inda itacen kaɗanya ya fi yawa. Akwai alayyadi, man ƙwarar ja, shi ma daga kudu. Wanka kuma da sabulun salo, wanda ba komai ba ne illa ruwan toka da mai da aka dafa tare, ko kuma garin ganyen magarya mai kumfa. Ƙamshi yana zuwa daga jema da ƙajiji da turaren wuta. Zanen fuska da katambiri ake yi, daga 'ya'yan itace. Hannu da ƙafa kuma na lalle ne: a daka ganye, a kwaɓa, a cusa hannu cikin zunguru, a ƙunshe ƙafa da ganye da tsumma, a zauna sai ya kama.

Masu son ganin waɗannan sunaye a rubuce za su same su a littafin sunayen itatuwan Hausa da J. M. Dalziel ya fitar a 1916, da ƙamus ɗin Bargery na 1934. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954, shi ma ya nuna matsayin lalle a aure da yadda ake kula da mai jego.

Abin lura shi ne, kusan duk kayan nan mace ta san uwarsu da ubansu. Ta san saniyar da aka tatsa, ta ga bishiyar lalle a gefen lambu, ta san yadda ake tace toka. Man kaɗe da ya zo daga nesa ma ba baƙo ba ne, domin har girki ake yi da shi. Sannan babu ko ɗaya a ciki da aka yi don ya sauya launin fata. Aikinsu su tausasa, su tsaftace, su ƙawata.

Mai ciki ba ta da wani kwando na daban. Abin da ta saba shafawa shi take ci gaba da shi. Idan cikin fari ne, kunya takan sa ta rage ado, kuma idan wata ya kusa sai a mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, inda tsofaffi suke karɓar ragamar jikinta. Su sun san cewa ciki yana sa fata ta yi duhu. Wuya ya yi baƙi, fuska ta yi tabo-tabo, wani layi ya fito daga cibiya zuwa mara, nankarwa ta zana ciki da cinya. Maganinsu haƙuri ne da mai. A nan likitancin zamani ya gaskata su, domin sinadaran jiki na goyon ciki ne suke ƙara launin fata, kuma yawancin duhun yakan washe da kansa cikin watanni bayan haihuwa. Game da nankarwa kuwa, gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna akwai man da yake hana ta fitowa ba, mai tsada ko mai araha. Abin da mai yake yi shi ne rage ƙaiƙayi da bushewa, kuma man kaɗe ya isa wannan aiki.

Kada mu ɗauka duk abin da ake kira na gargajiya ya daɗe. Darbejiya, wadda ake tsoma ganyenta a ruwan wankan jego, daga Indiya take, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Barno. Dilka da halawa al'adun Sudan ne da suka shigo ta Barno, yaɗuwarsu a ƙasar Hausa ba ta daɗe ba. Kwandon kaka kullum a buɗe yake, yana karɓar baƙi.

DUTSEN DA KE CIKIN TANDU

Abu ɗaya ne a kwandon da mai shi ba ta taɓa ganin inda ya fito ba, shi ne kwalli, wanda wasu suke kira tozali. Dutse ne mai nauyi mai ƙyalli, ana niƙa shi ya yi laushi, a zuba a tandun fata, a riƙa zizarawa da ɗan tsinke. Ba a haƙo shi a duwatsun Kazaure ko Roni. Ma'adinansa suna can kwarin Binuwai: Zurak a ƙasar Wase, Arufu da Akwana kusa da Wukari, da kuma yankin Abakaliki. Fatake ne suke hauro da shi arewa.

Turawan farko sun ɗauka dutsen antimoni ne. Da masana suka auna, sai aka gano yawancin kwallin dutse da ake sayarwa a Najeriya wani ma'adini ne da ake kira galena, haɗin dalma da farar wuta. Tsantsarsa, kusan kashi 86 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Tun zamanin Fir'aunonin Masar ake kwalliyar ido da wannan dutse, don haka tsufansa ba abin musu ba ne. Kyan ɗan maciji ne da shi.

A nan akwai wurin da ya kamata a yi hattara da magana, domin sa kwalli yana da asali a sunna, kuma an ambaci ismidi da suna. Masana harshe da ma'adinai suna fassara ismidi da dutsen antimoni. Matsalar ita ce abin da ke kan tiren mai koli sau da yawa ba shi ba ne, ko da an kira shi da sunan. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya sha samun dalma a kwallin da aka sayar da sunan ismidi. Akwai kuma kwallin da ake yi da kunkunniya, wanda ba shi da dalma. Ido kaɗai ba ya iya rabewa bayan an niƙa.

Yaya dalma take shiga jiki? Hawaye yana wanke kwalli ya gangara ta wata 'yar hanya zuwa hanci da maƙogwaro, a haɗiye. Hannu ya murza ido ya koma baki. Da zarar ta shiga, jiki yakan ɗauke ta tamkar sinadarin gina ƙashi, ya adana ta a ƙashi shekara da shekaru. Lokacin goyon ciki, jikin uwa yakan ɗebo daga ƙashinta don gina na ɗan tayi, sai dalmar da ta kwanta tun tana budurwa ta biyo, ta ratsa mabiyiya. Macen da jininta ya yi ƙaranci ta fi saurin zuƙar ta. Abin da ke iya biyo baya ya haɗa da hawan jini, ɓari, haihuwar bakwaini, da raunin ƙwaƙwalwar yaro wanda ba a gane shi sai ya shiga makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Mun san abin da dalma take yi idan ta yi yawa. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 ne suka rasu. Wancan daga haƙar zinariya ne, kuma adadin ya ninka na kwalli nesa ba kusa ba. Amma na kwalli ma an kama shi. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, a birnin Boston, wanda aka samu dalma a jininsa. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwalli ne da aka sayo a Ilori ake sa masa. An auna garin, kashi 82.6 cikin 100 dalma. Idan muka tuna cewa a ƙasarmu ungozoma takan zizara wa jariri kwalli tun a kwanakinsa na farko, za mu gane maganar ta shafe mu kai tsaye.

Kakanninmu ba su da na'urar awo, kuma gubar da take aiki a hankali ba ta barin sawu. Ba laifinsu ba ne. Wanda ya sani yau shi ne zai sha tambaya.

GYAƊA, JIRGI DA KANTI

Turawa sun ci Kano a 1903, aka sa Kazaure cikin Lardin Kano. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Manomin Roni ko Babura da ya kai gyaɗa kan sikeli sai ya dawo da tsabar kuɗi, kantunan Turawa da na Kwara kuma suna jiran kuɗin. Kamfanin Lever Brothers ya kafu a Najeriya a 1923, ya soma yin sabulu a Apapa. Basilin, wanda aka yi wa rajista a Amurka tun 1872, ya zama man hunturun kowa. Turaren Bint el Sudan, wanda wani kamfanin Landan ya haɗa a 1920, ya samu karɓuwa saboda ba shi da giya a ciki, har daga baya aka koma yin sa a Kano. Hoda da jan baki da jagira da gazal suka biyo baya.

Wurin da wannan sauyi ya fi bayyana shi ne lefe. Asalin lefe kwando ne na kaba. Daga nan aka koma kwalla da fantimoti, aka zo kan jerin akwatuna. Kowane mataki yana ƙara wa kayan shafa gurbi. Wannan ya shafi zancenmu ƙwarai, domin cikin fari yakan zo ne a farkon aure, lokacin da amarya take tsakiyar amfani da mayukan lefenta. Ke nan dangin ango da suka shiga kasuwa haɗa lefe su ne, ba tare da sun sani ba, suke zaɓar abin da ɗan fari zai fara haɗuwa da shi.

Yawancin kayan kantin nan na farko ba su da wata illa ga mai ciki. Basilin ba ya ratsa fata, rufe ta yake yi ya tsare danshi. Sabulun wanka sabulu ne. Abin da ya sauya shi ne sani. A da mace ta san bishiya, yanzu sai dai ta san hoton da ke jikin kwali. Rubutun da ke bayan kwalba da Turanci yake, mai saye kuma ba ta karanta shi. Amana ta tashi daga kan abin ta koma kan mai sayarwa.

ZAMANIN BILICIN

Ta wannan ƙofa man bilicin ya shigo. Tun daga shekarun 1950 da 1960 mujallu a Afirka suke tallar mayukan da suke haɗa hasken fata da wayewa. Sinadarai uku ne ginshiƙin wannan kasuwa: zaiba, da haidirokwinon, da magungunan sitiroyid masu ƙarfi waɗanda asalinsu likita ne yake rubuta su don cutar fata na ɗan lokaci.

Illarsu ta daɗe da bayyana. A 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana wani baƙin tabo mai kauri da haidirokwinon yake bari a fuska idan an daɗe ana shafawa, wanda da wuya ya goge. Garin neman gira an rasa ido. Ƙasar ta hana shi a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai ta bi a 2001. Kwaddibuwa ta kafa dokar hana mayukan bilicin a 2015, Gana ta hana masu haidirokwinon a 2016, Ruwanda ta yi nata a 2018. A Najeriya an kafa hukumar NAFDAC a 1993. Dokokinta sun hana zaiba da sitiroyid a man shafawa, sun kuma iyakance haidirokwinon. A 2023 hukumar ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Akwai adadin da ake yawan ambata, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna bilicin. Marubuci ya yi hattara da shi. Asalinsa wani bincike ne da aka yi a tsakanin 'yan kasuwar Legas aka wallafa a 2002, ba ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba. Amma ko ba adadi, duk wanda ya shiga kasuwa ya ga rumfunan.

Ga mai ciki, haɗarin ya ninka, saboda duhun da ciki yake kawowa shi ne yake tura ta ta ƙara shafawa, musamman idan suna ya matso kuma ana son mai jego ta fito fes. Haidirokwinon yana ratsa fata sosai, kusan kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na abin da aka shafa yana shiga jini, shi ya sa likitoci suke cewa a bar shi lokacin ciki. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsa mabiyiya, tana fita a nono. Duniya ta koyi wannan darasi a garin Minamata na Japan tun daga 1956, inda uwaye da ba su nuna wata babbar alama ba suka haifi yara masu lalurar ƙwaƙwalwa. Tasu ta kifi ce aka ci, amma sunan garin ne aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 wadda ta haɗa har da zaibar man shafawa, Najeriya kuma ta amince da ita a 2018.

Shaida mafi kusa da mu daga Dakar ta fito. A wani bincike da aka wallafa a 2007, an bi mata masu ciki 99, aka tarar kusan kashi 69 cikin 100 suna shafa man bilicin da cikin. Waɗanda suke amfani da sitiroyid mai ƙarfi, mabiyiyarsu ta fi ƙanƙanta, kuma sun fi haifar jarirai marasa nauyi.

Talauci ya ƙara dagula lamarin. Daga tsarin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, man kanti mai suna ya fi ƙarfin talaka. Haka ta sake faruwa bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Kowane karo sai kasuwa ta samar da mafita mai araha, wato haɗi: a matse tuf biyu ko uku a cikin babban mai, a juya, a ɗura a roba marar suna, a sayar a awo. Yanzu ma har ta waya ake tallarsa, a ce na itatuwa ne zalla. Wannan shi ne ƙarshen tafiyar da aka faro daga tandu. Kwalli aƙalla dutse ɗaya ne. Haɗi kuwa ko mai haɗa shi ba ta san adadin abin da ta zuba ba.

LALLEN DA BA LALLE BA

Lalle ma bai tsira ba. Ganyen lalle ja yake bayarwa, daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, kuma sai an ba shi awanni. Daga zunguru aka koma ƙunshin leda da salatif, daga nan aka zo zanen fulawa. Baƙin da yake kamawa cikin mintuna, wanda ake kira dayis, ba daga ganye yake ba. Yawanci rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda ba a yi shi don a ɗora a fata ba. Yana iya sa ƙuraje masu ruwa da tabo mai siffar zanen, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa takan zauna da wannan ƙin har abada. Fatar mai ciki ta fi saurin fusata, kuma ba kowane magani ake iya ba ta ba.

Jan lalle na ganye ba a san shi da cutar da babbar mace mai lafiya ba. Jariri ne ya kamata a nisanta da shi. Akwai wani rauni na gado a jini da ake kira ƙarancin G6PD, wanda yake da yawa a Najeriya musamman ga 'ya'ya maza. Jaririn da yake da shi, lalle yana iya farfasa masa jini ya kawo shawara mai tsanani. Haka ma ƙwallon kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai.

ABIN DA YA RAGE A KWANDO

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A zancen mai ciki, tarihi ya nuna karin maganar ba ta cika ba. Idan aka tace duk abin da ya wuce, abin da ya tsaya a rariya shi ne mafi araha: man kaɗe tsantsa ko basilin don bushewa, sabulu marar ƙarfi, jan lalle na ganye, inuwa da lema ko malafa saboda rana tana ƙara baƙin fuska. Sabulun salo yana da kyau amma yana da kaifi, mai busasshiyar fata ta bi shi da mai. Hoda da jan baki da jagira masu lambar NAFDAC ba su cikin abin tsoro. Abin da za a ajiye shi ne kwallin dutse ga uwa da jariri, duk wani mai da aka ce yana sa haske, duk wani haɗi marar suna, dayis, da magungunan ƙurajen fuska dangin retinol, waɗanda na shansu yana nakasa ɗan tayi, na shafawar ma likitoci suna cewa a dakata da su. Wadda take shakka ta ɗauki kwalbar ta tafi da ita awo ta nuna wa ma'aikaciyar jinya. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa mai sitiroyid kuma ta faɗa a asibiti, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da fata.

INDA ALƘALAMI YA SHIGO

Tun daga shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, har zuwa labaran da ake karantawa a waya yau, akwai siffar tauraruwa da ta zama kamar hatimi: fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya. Idan ta yi ciki sai a ce cikin ya ƙara mata haske. Yarinyar Gwiwa da ta karanta wannan, sannan ta dubi wuyanta ya yi baƙi a wata na bakwai, me za ta ɗauka? Mai rumfar haɗi yana nan yana jiran ta da amsa.

Marubucin da ya san tarihin nan yana da abin da ya fi hatimi. Yana da zunguru da tandu da katambiri don labarin da aka gina a zamanin Dambo. Yana da fantimoti da Bint el Sudan don labarin zamanin dalar gyaɗa. Yana da rigimar da za ta iya tashi tsakanin kaka mai tandu da jikarta ma'aikaciyar jinya a kan idon jariri, inda kowacce ƙauna ce take sa ta magana. Yana da uwar miji da ta haɗa lefe da kyakkyawar niyya. Yana iya rubuta baƙa kyakkyawa, ko wankan tarwaɗa, wadda ciki ya sauya mata fuska kuma mijinta bai ga aibu ba. Kafin mu sa wa tauraruwa wani abu a fuska, mu tambayi abin da tsofaffi suke tambaya idan baƙo ya zo neman aure: ɗan wane ne, daga ina ya fito?

Masu kakanni a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura su zauna da su tun suna nan, su tambaye su sunayen abin da suka shafa da cikin fari, da wanda ya sayar musu, da nawa suka saya. Yawancin wannan ilimi a baki yake, bai shiga takarda ba.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa. Sai mako mai zuwa.